Ba E, Ba A'a

Ni fa ban taɓa yarda da koyon harshe a zaune shiru ba. Duk wanda ya hau benen nan ya shigo ajina, tun ranar farko nake gaya masa cewa littafi a gida ake karanta shi, nan baki muke motsawa. Ajin nawa ɗaki ne guda a saman shagon gyaran waya, da farin allo, da fanka mai kukan tsufa, da kujerun roba da muke jerawa a zagaye. Ɗalibaina duk manya ne masu sana'a da iyali. Suna tasowa daga aiki da yamma su zo in koya musu harshen wata ƙasa ta ƙetare, wanda a ajin ba ma ce masa komai sai "harshen can". Wani aiki yake nema, wata jarrabawa ce a gabanta, kowa dai da abin da ya kawo shi.

Da wasa nake koyarwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Muna jefa ƙwallo, wanda ya cafe sai ya yi jimla kafin ya jefa wa wani. Muna zama baya da baya mu yi kamar muna waya, ba ka ganin bakin abokinka balle ka karanci fuskarsa. Wani lokacin mu buɗe kasuwar ƙarya a kan tebur, a yi ta ciniki a kan murfin biro da makullin mota har rai ya ɓaci. Na ga mutumin da ya haddace littafin nahawu daga bango zuwa bango, amma da aka tambaye shi hanyar banɗaki sai ya tsaya yana zufa. Baki ba ya sakewa sai mutum ya manta ana kallonsa, kuma ban san abin da yake sa babba ya manta da haka ba in ba wasa ba.

Sarkin wasannin nawa shi ne "Ba e, ba a'a". Akwai kujerar katako guda ɗaya a ajin, ita muke ajiyewa a tsakiya, ɗalibai suka raɗa mata suna kujerar tuhuma. Wanda ya hau ta, sauran za su yi masa ruwan tambayoyi da harshen can, shi kuma ya amsa yadda ya ga dama, amma kada ya kuskura ya ce e ko a'a. Dole ya yi cikakkiyar jimla. Ina riƙe da ƙararrawar keke da aka kafa mini a jikin guntun katako. Da zarar e ko a'a ta kuɓuce, sai in danna, a yi dariya, mutum ya sauka wani ya hau.

A cikin wannan aji Baba Kafinta ya shigo wata rana, da sabon littafin rubutu a hammata da fensir a bayan kunne. Dattijo ne dogo, ya ba saba'in baya, hannuwansa duk tabon aiki. Ya tarar da Direba, wani ƙaton mutum mai neman aikin tuƙi a kamfanin baƙi, yana rarrafe a ƙarƙashin tebur yana neman ƙwallo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya kalle shi, ya kalle ni, sannan ya tambaya ko ajin manya a wani benen yake.

Na ce masa nan ne, ya samu wuri ya zauna. Ya zauna, amma a bakin kujera, irin zaman wanda bai gama yanke shawara ba. Da aka jefa masa ƙwallo ya cafe ta da hannu ɗaya, ya ajiye ta a ƙasa a hankali kusa da takalminsa.

"Malama, ni ba wasa na zo yi ba," in ji shi. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni na bushe. Ki rubuta mini a allo in kwafa."

Na ce, "Baba, kai kafinta ne. Busasshen katako ai shi kuke nema, ɗanye ne ba ya yin ƙofa."

Ya ɗan yi murmushi a ƙarƙashin gashin baki. Ƙwallon dai bai ɗauka ba, amma kashegari ya dawo.

Abin da na lura da shi tun makon farko shi ne Baba yana jin harshen can fiye da yawancin 'yan ajin. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata masana'antar kujeru a ƙarƙashin mutanen can, kunnensa ya sha maganarsu. Sai dai a wurin aiki irin wannan ba a neman dogon bayani daga yaron shago. A ce maka ka gama, ka ce e. A ce akwai saura, ka ce a'a. Da kalmomin nan biyu ya ci abincinsa shekara da shekaru, kuma da su ya zo mini. To ka ga kuwa an haɗa shi da wasan da bai dace da shi ba. Duk ranar da ya hau kujerar tuhuma, tambayar farko take kayar da shi. Nas, wata 'yar siririya mai shirin jarrabawar aikin jinya a ƙetare, wadda bakinta ya fi allurarta kaifi, ta ce gara a riƙa danna ƙararrawar tun yana tasowa, a hutar da kowa. Shi ma yakan yi dariyar, amma ina ganin yadda yake komawa mazauninsa yana goge tafin hannu a gwiwa.

Wata rana bayan an tashi ya tsaya. Ya ce kujerar nan tana rawa, ƙafarta ɗaya ta saki, kuma shi ba zai iya ganin katako yana wahala ya wuce ba, ko da kuwa katakon maƙiyinsa ne. Ya fito da guduma da 'yan ƙusoshi daga jakarsa, ya kifa kujerar a kan tebur. Yana aiki yana magana, idonsa a kan ƙusa, kuma a nan na ji abin da ya hau da shi benen.

'Yarsa tana aure a can ƙasar, a can ta haifi 'yarta. Yarinyar sunan mahaifiyar Baba ta ci, shi ya sa ba ya kiran ta komai sai Uwata. Shekararta goma yanzu, kuma duk abin da ta riƙe na harshenmu bai wuce "Kaka" da "sannu" ba. Tun da matarsa ta rasu, kiran Uwata na ƙarshen mako shi ne abin da yake jira. Za ta karɓe wayar uwarta ta shige ɗaki, ta yi ta zuba: ƙawarta ta yi kaza, malaminsu ya ce kaza, haƙorinta ya fita. Shi kuma yana nan yana e, yana a'a, yana jin daɗinsa. Sai kawai abin ya tsaya. Yanzu in an miƙa mata waya sai ta ce "Sannu, Kaka," idonta a wani wuri, ta mayar wa uwarta. Uwar ta ce ya rabu da ita, girma ne, yara haka suke.

"Ba girma ba ne," in ji Baba. "Gajiya ta yi. Wa zai yi ta magana da bango? Tsoho mai kalma biyu."

Sannan ya faɗi wanda ya fi ci masa rai. Hutun makaranta ya kusa, 'yarsa za ta zo gida. Uwata ta ce ita ba za ta biyo ta ba, a bar ta wurin gwaggonta. Uwar ta ce ba za ta yi mata dole ba, kuma kafin ƙarshen wata za ta yanki tikiti, ko ɗaya ko biyu. Shi kuwa ya riga ya ƙera wa yarinyar ƙaramin teburin karatu mai durowa, yana nan a ɗakin baƙi an rufe shi da zane. Ya ce so yake kafin wata ya ƙare ya iya yi mata magana mai tsawo, ko ta ga bangon ya fara amsawa.

Ya juyar da kujerar, ya danna ta da hannu biyu. Ba ta motsa ba. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma tausayi ba ya koyar da harshe, don haka na ce masa daga gobe shi zai riƙa fara hawa. Ya ce da ya sani da ya bar ta ta karye.

Ana cikin haka ranar tarko ta zo. Akwai wani tarko tsakanin harshenmu da harshen can wanda ban cika koyar da shi a allo ba. Nakan bar shi sai ya kama wani, domin wanda aka gaya wa yana mantawa, wanda ya faɗa ciki kuwa har abada. A ranar Nas ce a kujera, tana ta kakkaɓe tambayoyi tana taƙama. Direba, wanda ya daɗe yana neman ramuwa, ya gyara murya ya tambaye ta da harshen can: "Ba ki taɓa yi wa mara lafiya tsawa ba?"

Ta ɗaga kai da fushin gaske ta ce, "E."

Na danna ƙararrawa sau biyu. Ta ce me ya kawo na biyun. Na ce na farko don ta ce e, na biyu don ta amsa laifi a gaban shaidu. Sai na yi musu bayani. A wurinmu, in aka ce maka "Ba ka ci abinci ba?" ka ce "E", nufinka gaskiyar mai tambaya ne, ba ka ci ba. Mai maganar kake gaskatawa. Mutanen can ba ruwansu da mai tambaya, aikin suke kallo. In ka ce e, ka ci ke nan. In ba ka ci ba, a'a za ka ce, ko ta yaya aka juya tambayar. Saboda haka Nas, a kunnen mutanen can, ta ce lallai tana yi wa marasa lafiya tsawa, kuma ta faɗa da alfahari.

Ajin ya kece da dariya. Nas ta dafe kai tana salati, ta ce da a ɗakin jarrabawa ne da ta yanka wuyanta da bakinta. Direba ya ce shi dama ya sani, fuskarta ta nuna. Aka shiga gwada wa juna, wannan ya ce ba ka yi wanka ba, wancan ya ce ba ka biya haya ba, kowa yana faɗawa rami yana fitowa.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya cire fensirin daga bayan kunne yana juya shi a hannu. Da hayaniyar ta lafa ya ɗaga yatsa kamar ɗan firamare.

"Malama, in yaro ya ce maka, ba ka gaji da surutuna ba, kai kuma ka ce masa e. Da harshen can."

Na riga na gane, amma ba a yi wa dattijo ƙarya. Na ce, "Ka ce masa ka gaji ke nan, Baba."

"In ya sake tambaya, ka sake cewa e, har kana murmushi?"

"Ka gaji ƙwarai, kuma ba ka damu ya sani ba."

Baba ya ajiye fensirin a kan gwiwarsa. Bai ɓoye wa kowa ba, ya ba da labarin a taƙaice. A kiran ƙarshe mai tsawo da suka yi, Uwata ta tsaya a tsakiyar hira ta yi masa wannan tambayar. Daga baya ne ya ji cewa wani ɗan gwaggonta yana tsokanar ta wai ta ishi tsoho da surutu. Shi kuwa a ranar har daɗi ya ji, don ya fahimci tambayar tun daga farko har ƙarshe, ba kalmar da ta wuce shi. Ya amsa da ƙarfinsa. Ta sake tambaya a hankali, ya sake amsawa. Ta ce sai an jima, ya ce sai an jima, ya kwana yana murna ya yi hira.

Nas, da duk kaifin bakinta, idonta ya kawo ruwa. Ita ta fara cewa ai abu mai sauƙi ne, ya kira 'yarsa yanzu ya yi mata bayani, ita kuma ta fahimtar da yarinyar. Ni ma abin da ke bakina ke nan. Baba ya girgiza kai. Ya ce uwar za ta ce Kaka bai nufi haka ba, yarinyar kuma za ta ɗauka lallashi ne irin wanda manya suke yi, ta ce to, ta ci gaba da riƙe abinta a ciki. Ya san halinta, halin mai sunanta ne.

"Daga bakina ta ji," in ji shi. "Daga bakina za ta ji gyaran."

Ya miƙe ba wanda ya ce masa, ya je ya zauna a kujerar tuhuma, ya ce a fara.

Na daɗe ina koyarwa, amma ban taɓa ganin ɗalibin da ya kama wasa da gaske irin yadda Baba ya kama shi a kwanakin nan ba. Ranar farko ƙararrawa ta sha wahala. Sai ya gano wata dabara da kansa: kafin ya amsa, sai ya danne gwiwarsa da babban yatsa, kamar mai riƙe ƙusa kafin guduma ta sauka. A ɗan tsakanin nan e ɗin takan wuce, jimla ta samu hanya. Jimlolin nasa karkatattu ne, wani lokacin aiki a gaba mai aiki a baya, amma suna tsayawa da ƙafarsu. Ban gyara masa ko rabinsu ba. Mutumin da ya fara tafiya ba a tsayar da shi don a gyara masa hula.

'Yan ajin suka ɗauki abin kamar nasu. Nas ta daina tsokana ta koma haɗa masa tarkuna, tana zuwa da su a shirye daga wurin aiki. Ƙwallon da ya ajiye kusa da takalmi ranar farko, yanzu shi yake fara neman ta. A wasan baya da baya ya ce a riƙa haɗa shi da Nas, don muryarta ce ta fi kusa da ta yara, kuma ta riƙa sauri kada ta tausaya masa. Direba ya rantse mana cewa ya bi ta ƙofar shagon Baba da rana ya ji shi yana gaya wa wata ƙofa da yake gogewa, da harshen can, cewa bai gaji da ita ba kuma ba zai taɓa gajiya ba. Baba bai musa ba. Ya ce ƙofar ta fi Direba saurare.

Wata yana gab da ƙarewa ya ce ya shirya. Ya roƙi a yi kiran a aji, ranar Asabar da yamma, lokacin da yarinyar take gida. Na tambaye shi ko ba zai fi sakewa a ɗakinsa ba. Ya ce a ɗakinsa ya yi ɓarnar, kuma yana son ƙararrawa a kusa. Na ce wa sauran su koma gefe inda waya ba za ta gan su ba, kuma duk wanda ya yi tari zan kore shi.

Muka jingina wayar a jikin butar shayi a kan tebur. Baba ya zauna a kujerar da ya gyara, ya sa rigarsa mai guga, fensir a bayan kunne. 'Yarsa ta ɗauka, suka gaisa, ya ce ta ba shi Uwata. Muka ji ana kira, muka ji ana jan ƙafa. Fuskar yarinya ta bayyana, doguwar fuska irin tasa, idonta a kan wani abu can gefe.

"Sannu, Kaka," ta ce, hannunta har ya fara miƙa wayar baya.

Baba ya danne gwiwa. Abin da ya biyo baya duk da harshen can ne. Ya ce, "Uwata, tsaya. Ina da wasa. Ina neman mutum mai tambaya da yawa. Mutanen nan ba su iya ba."

Wayar ta tsaya a iska. Yarinyar ta dawo da fuskarta, ta kalle shi sosai, irin kallon da za ka yi wa kujera in ta gaishe ka. Bai ba ta lokacin mamaki ba. Ya karɓi ƙararrawar daga hannuna ya nuna mata, ya danna, ya mayar mini, ya bayyana mata dokar wasan da jimlolinsa masu ɗingishi. Ta tambaya wace ce mai ƙararrawar. Ya ce malamarsa ce, muguwa ce, ba ta yafiya. Na leƙa na ɗaga mata hannu. Bakin yarinyar ya ɗan motsa.

Yara ba su da tausayi a wasa, shi ya sa nake son su. Ta fara a hankali, sannan ta saki. Ta tambaye shi ko shi tsoho ne, ya ce ya tsufa amma haƙoransa nasa ne. Ko yana da kyanwa, ya ce kyanwar maƙwabta ce take da shi. Ko yana son kifi, ko ya taɓa faɗowa daga bishiya, ko gashin bakinsa na gaske ne. Tana jefowa yana tarewa, yatsa a kan gwiwa, zufa tana bin wuyan rigar. Ta gyara zama ta jawo wayar kusa. Sau ɗaya e ta zo har bakinsa, na ga leɓensa ya buɗe, ya mayar da ita tari. Direba ya cusa hularsa a baki.

Can tambayoyin suka ƙare mata. Ta tsaya tana tunanin wata. A nan Baba ya sunkuyo.

"Akwai tambaya ɗaya," in ji shi. "Kin yi mini ita da. Na amsa ba daidai ba. Sake yi."

Murmushin ya bar fuskarta. Ta san wacce yake nufi, ba ta yi kamar ba ta sani ba. Ta kalli gefe, ta kalli ƙasa, tana wasa da igiyar rigarta. Na ɗauka za ta ajiye wayar, kuma na ji tsoro, don ban shirya masa komai ba in hakan ta faru. Baba ya ci gaba da kallon wayar. Ya iya jira, aikinsa ya koya masa.

Da ta yi magana, da ƙyar muka ji. "Ba ka gaji da surutuna ba?"

"Ban gaji ba," in ji Baba. "Ban taɓa gajiya ba. A harshena, e ɗin nan tana nufin ban gaji ba. A harshenki tana nufin na gaji. Ni ban sani ba. Na ɗauki kalmarki na sa mata zuciyar tawa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kowace Asabar ina zama kusa da waya. Gidana shiru. Maganarki ce take cika shi. Da kika daina, na je makaranta. Ina wasan ƙwallo da wani ƙaton direba saboda ke."

Akwai kuskure a kusan kowace jimla. Na ji su duka, kunnena aikinsa ke nan, kuma ba a haifi malamin da zai sa ni in gyara ko ɗaya ba.

Yarinyar ta goge hanci da bayan hannu. Ta kalle shi, wannan karon ido cikin ido. Sai na ga wani abu ya dawo fuskarta, irin wayon nan na mai shirin kayar da abokin wasa. Ta ce wasan bai ƙare ba ai. Ya ce bai ƙare ba. Ta ce saura tambaya ɗaya, kuma malama ta riƙe ƙararrawa da kyau.

"Kaka, kana so in zo?"

Tambaya ce miƙaƙƙiya, ba tarko a cikinta ko kaɗan. Yana da jimlar da zai amsa ta, mun yi irinta har ba adadi. Na kalli hannunsa. Ya ɗaga yatsan daga kan gwiwa, ya ɗora hannuwan biyu a kan tebur.

"E," in ji Baba Kafinta.

Doka doka ce. Na danna ƙararrawa, duk da ban ga inda take ba sosai saboda idona. Yarinyar ta fashe da dariya har wayar tana rawa, tana cewa ya faɗi, ya faɗi, ita ta ci. Baba ya ce ya faɗi, ba musu. Ta ce bai iya ba tukuna, sai an sake, kuma ba ta waya ba, don a waya yana samun lokacin tunani. Sannan ta juya ta ƙwala wa uwarta kira, muka ji tana tambaya ko an riga an yanki tikitin, ko akwatin nan ja yana nan.

Baba ya zauna a kujerar tuhuma bai tashi ba, ko da yake wanda ya faɗi sauka yake yi. Ba wanda ya tuna masa. Da ya samu murya sai ya juyo wurina, ya tambaye ni da harshenmu yaya ake cewa durowa da harshen can, don akwai tebur da zai yi wa bayani.